Tafi ba bashi ba ne

A daren 26 zuwa 27 ga watan Yuli na shekarar 2003, a wani ɗakin masauki na birnin Vilniyus, babban birnin Lituwaniya, Bertrand Cantat, mawaƙin ƙungiyar kiɗan rok ta Noir Désir, ya doki masoyiyarsa Marie Trintignant har ta suma, ba ta kuwa sake farfaɗowa ba. Ta rasu ranar 1 ga Agusta tana da shekara 41, ta bar ƴaƴa maza huɗu. Aikin fim ne ya kai ta can, fim ɗin da mahaifiyarta Nadine Trintignant ke shiryawa kan rayuwar marubuciya Colette. A watan Maris na 2004 kotun Vilniyus ta yanke wa Cantat ɗaurin shekara takwas. Aka mai da shi gidan kaso na Muret, kusa da Tuluz, aka sake shi bisa sharaɗi a watan Oktoba na 2007. A ƙarshen Nuwamba na 2010 mai kaɗa gita Serge Teyssot-Gay ya fice, ƙungiyar da aka kafa a Bordo shekaru kusan talatin kafin nan ta watse.

Ƙungiya ta mutu, amma masoyanta ba su mutu tare da ita ba. Tun daga lokacin suke cikin wata gardama wadda ta wuce maganar kiɗa: shin wanda ya kashe rai, ya yi zaman kaso, ya fito, yana da haƙƙin komawa bisa dandali a yi masa tafi?

Masu cewa e suna da hujja mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. Alƙali ya yanke hukunci, mai laifi ya ɗauka. Idan jama'a za ta ƙara wani hukunci nata wanda ba shi da wa'adi kuma ba a ɗaukaka ƙararsa, to mene ne amfanin kotu? Makaniki in ya fito daga kaso garejinsa yake komawa, birkila ya koma ga bulo da siminti, shi kuwa mawaƙi ba shi da wata sana'a sai muryarsa. Cantat da kansa wannan hujja ya riƙe a watan Maris na 2018, lokacin da aka yi ta zanga-zanga a ƙofar zaurukan da yake wasa: ya ce ya biya bashin da shari'a ta ɗora masa, yana neman a bar shi ya koma cikin jama'a kamar kowane ɗan ƙasa.

Sai dai kwatancin makaniki yana da rami. Mai mota da ya kai gyara ba ya tsayawa bakin gareji yana kiran sunan makaniki da ƙarfi, idanu cike da hawaye. Kuɗi yake biya, ya karɓi motarsa, ya tafi. Sana'ar mawaƙin dandali kuwa ba ta cika sai da ɗaukaka: fitilu a kansa, dubban mutane a tsaye, hotonsa a bangon gari. Bahaushe ya san wannan bambanci sarai. Ɓarawon da ya tuba ana sayen hajarsa a kasuwa, ana gaisawa da shi, ana zuwa sunan ɗansa, amma maroƙi ba ya tashi ranar salla ya yi masa kirari gaban waɗanda ya yi wa sata. Babu dokar da ta hana. Kara ce ta hana. Shari'a tana iya mayar wa mutum ƴancinsa, kuma wajibi ne ta mayar. Tafi kuwa kyauta ce daga hannun jama'a, ba a bin kowa bashinsa.

A nan ne nauyin ya sauka daga kan mawaƙin ya koma kan masoyansa, domin su ke riƙe da kyautar. An ga yadda suka yi da ita. Sabuwar ƙungiyarsa, Détroit, ta fitar da faifai a 2013, zauruka suka cika. A Oktoba na 2017 mujallar Les Inrockuptibles ta sa fuskarsa a bangonta, mujallar Elle ta mayar da martani da sunan Marie. A 2024 aka buɗe asusun taimako a intanet don sabon faifai, kuɗin suka taru cikin ɗan lokaci. Ba za a ce duk waɗannan mutane mugaye ba ne. Da yawansu ƙuruciyarsu suke karewa: wanda ya girma da faifan Des visages des figures na 2001, wanda ya ga a wannan mawaƙi mai tsaya wa talaka da baƙo, in ya yarda cewa gwaninsa mai kisan mace ne, to wani yanki na rayuwarsa ne ya rushe. So hana ganin laifi. Shi ya sa a shekarun farko aka riƙa ba da labarin kamar labarin soyayya da ta yi yawa, kamar tsautsayin dare ɗaya da ya faɗa wa mutum biyu daidai wa daida, alhali ɗaya ya fito da ƙafafunsa, ɗaya kuwa tana maƙabartar Père-Lachaise.

Sauraron tsohon faifai a ɗaki wani abu ne dabam. Waƙoƙin Noir Désir aikin mutum huɗu ne, kuma Teyssot-Gay da Denis Barthe da Jean-Paul Roy ba su doki kowa ba. Mai sauraro a ɗakinsa shi da zuciyarsa ne. Amma wanda ya sayi tikiti ya shiga zaure, tafinsa magana ce da ake ji a waje, tana isa kunnen ƴaƴa huɗun nan, tana isa kunnen kowace mace da ke zaune da mai dukanta tana lissafin ko za a yarda da ita in ta yi magana. Jean-Louis Trintignant, mahaifin Marie, bai nemi a hana kowa komai ba a 2011, da ya ji za a sa Cantat cikin wani wasa a bikin Avignon. Janyewa ya yi daga bikin, ya ƙi hawa dandali ɗaya da shi.

Akwai kuma wata mace da masoyan suka daɗe ba su son a ambata. Krisztina Rády, matar Cantat, uwar ƴaƴansa biyu, wadda ta tsaya masa a shari'ar Vilniyus, ta kashe kanta a gidanta na Bordo a watan Janairu na 2010. Babu kotun da ta same shi da laifi a mutuwarta. A watan Yuli na 2025, bayan wani shirin Netflix ya sake fito da saƙon muryar da ta bar wa iyayenta watanni kafin rasuwarta, mai gabatar da ƙara na Bordo ya sake buɗe binciken.