Zannuwan da Ke Barci Cikin Akwati

Karatu: Luka 3:7-14

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi ta aiko wa shirinmu wasiƙa tana tambaya: zunubi ne mai bi ya sayi shadda Getzner ko atamfar Holan?

Ban ga inda Littafi Mai Tsarki ya ce haka ba. Lidiya, wadda ta karɓi Bulus a gidanta a Filibi, 'yar kasuwar tufafi masu tsada ce, ba a kuwa ce ta bar sana'arta ba. Rigar Ubangijinmu ma saƙa ɗaya ce, ba ɗinki, har sojoji suka ƙi yaga ta, suka jefa ƙuri'a a kanta. Kamfanin Vlisco da ke buga atamfar Holan yana nan tun 1846, iyayenmu mata kuma sun san dalilin da ya sa suke nemanta: a wanke ta shekara da shekaru, ba ta koɗewa. Wanda ya tara kuɗinsa ya sayi ɗaya mai kyau, ya sa ta shekara goma, ni dai ba ni da ta cewa a kansa.

Damuwata tana cikin akwati. Buɗe naka ka ƙirga. Turmi nawa ne ba a ko ɗinka ba? Anko nawa aka sa sau ɗaya ranar biki, aka ninke, alhali mai kanti yana bin bashinsa har yau? Mu masu wa'azi ma ba mu tsira ba. Na san yadda zuciyata take yi in Kirsimeti ya matso ina da babbar rigar bara.

Da taro suka tambayi Yohanna Mai Baftisma abin da za su yi, bai tambayi farashin rigarsu ba. Yawanta ya duba, ya tuna musu da wanda ba shi da ko ɗaya. A majami'arku akwai gwauruwar da ta daina zuwa taron zumuntar mata domin ba ta iya kuɗin anko. Ba za ta faɗa maka ba.

Kafin ka sake saya, ka jira mako ɗaya. Ka tambayi kanka ko kuɗin naka ne, ko na hatsin gida ne da na makarantar yara, ka kuma tambaya idon wa kake so ya gani. Haka na amsa wa 'yar'uwar nan ta Maraɗi, na roƙe ta ta rubuto mini yawan zannuwan da ta tarar.