Hutun Damina da Littafi: Wa Zai Zaɓa wa Matashi Abin Karantawa?

  

Ya ku ƴan uwa, daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba ana rufe makarantun boko da na madarsa, ƴaƴanmu su komo hannunmu har kwana kusan 90. Yaron ƙauye gona tana cinye masa safiya, tun daga shuka har noma da maimai. Na birni kuwa, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, sau da yawa yininsa yana ƙarewa a fada, tsakanin butar shayi da wayar hannu. Ya tabbata a cikin Sahihul Buhari cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi ne da mutane da yawa ke hasararsu. To, idan mun yarda littafi ya fi zaman banza, sauran tambaya biyu: wane littafi, kuma wa zai zaɓa?

Iyaye sun kasu biyu a kan wannan. Wasu suna cewa duk littafin da ba na addini ba ɓata lokaci ne, ƙagaggen labari kuwa ƙarya ce da aka yi wa bango. Wasu kuma suna cewa muddin yaro yana riƙe da takarda, to, alhamdu lillahi, kome ke cikinta. Muna ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi.

Ga na farko muna cewa: ƙarya ita ce faɗin abin da ba haka yake ba don a yaudari mai ji. Amma kakar da ke yi wa jikoki tatsuniyar gizo da ƙoƙi ba ta yaudari kowa ba, domin ita da su duk sun san misali ake bugawa. Tun ƙarni na 8 Ibnul Muƙaffa ya mayar da Kalila wa Dimna zuwa Larabci, labaran dabbobi masu magana, kuma malamai suka yi ta karantar da shi don koyar da harshe da hikimar zaman duniya. Suratu Yusuf mai ayoyi 111 tarihi ne na gaskiya, amma ta nuna mana cewa zuciya tana ɗaukar darasi ta hanyar labari. Abubakar Imam ma ya gina littafin farko na Magana Jari Ce a kan wannan: aku ya tsare ɗan sarki Musa daga fita zuwa halaka da labari bayan labari, a inda tsawa ba za ta tsare shi ba.

Ga na biyu muna cewa: littafi aboki ne, kuma uba mai hankali yana tambayar da wa ɗansa ke zama. Ma'aunin kuwa shi ne a duba abin da littafin ya ƙawata da abin da ya muzanta. Ambaton mugun abu kaɗai ba ya ɓata littafi. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cike da harin bayi da rabuwar uwa da ɗa, amma mai karanta shi yana rufe shi da ƙin zalunci. Littafin da za a guje wa shi ne wanda ke sa mayaudari ya zama gwarzo, mai kunya ya zama wawa.

Wani zai ce: to, a hana gaba ɗaya mana, a huta. An gwada. A shekarar 2007 hukumomin Kano sun ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a, irin waɗanda ƴan kasuwa ke kawowa har kasuwanninmu. Rubutun bai mutu ba, ya koma cikin waya, inda uba ba ya ganin ko bangonsa. Kuma a cikin marubutan nan akwai masu yaƙi da auren dole da jahiltar da ƴaƴa mata, kamar Balaraba Ramat Yakubu. Hani shi kaɗai yana barin hannun yaro wofi, hannun da ke wofi kuwa abin da ya fi kusa yake ɗauka.

Game da wanda zai zaɓa, uba yana da haƙƙi, kuma za a tambaye shi kiwon da aka ba shi. Sai dai mu tuna ɗan shekara 15 baligi ne, alƙalami ya hau kansa, gobe shi kaɗai zai tsaya gaban abin da ke cikin wayarsa. Wanda ba a taɓa bari ya zaɓa ba, yaushe zai koyi zaɓe? Saboda haka shawararmu ita ce a raba: uba ko uwa su zaɓi littafi ɗaya na wajibi, matashi ya zaɓi ɗaya na sha'awa, da sharaɗin ya zo ya ba da labarin abin da ya karanta. Uban da bai yi karatu ba kada ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Ya sa yaron ya karanta masa bayan sallar Isha'i, ko ya fassara masa in da Faransanci ne. Kunnen dattijo yana gane maganar banza ko da idonsa bai san baƙi ba.

A ɓangaren wajibi, wanda bai sauke Ahalari da Ishmawi ba ya fara da su, wanda ya wuce nan ya shiga Iziyya ko Risala ta Ibnu Abi Zaid, a gaban malami. Arba'una ta Imam Nawawi hadisai 42 ce: hadisi ɗaya kowane kwana biyu, hutu bai ƙare ba an sauke. A tarihin Annabi akwai Ar-Rahiƙul Makhtum na Mubarakfuri, ga wanda Larabcinsa ya yi ƙarfi ko ya sami fassara.

A ɓangaren sha'awa, ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta Zariya ta 1933, ga kuma Magana Jari Ce littafi uku. Ɗan kwaleji da ɗan lise su nemi Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, a kan yaƙin Lugu na 1899 da rundunar Voulet da Chanoine. Labari ne da marubuci ya ƙawata, don haka ya dace a zauna da yaro a rarrabe tarihi da ƙari. Su nemi kuma rubuce-rubucen Boubou Hama, wanda ya tara tsofaffin littattafan Larabci da ajami da ake ajiye da dubbansu a cibiyar IRSH ta Yamai. Shafi 10 a yini, cikin kwana 90, shafi 900 ke nan.

Amma littafi yana da tsada, gidaje da yawa kuwa hatsi suke nema a wannan lokaci na tsakiyar damina. A nan nauyi ya koma kan jama'a. Inda akwai ɗakin karatu a gidan matasa ko a makaranta, a raka yaro a yi masa rajista. Inda babu, akwatin ƙarfe ɗaya a zauren masallaci ya isa farawa, ya kuma tsare takarda daga gara da laima. Kowane gida mai littafin da ke kwance ya kawo shi aro ko waƙafi. A ba matasa biyu amanar mabuɗi da littafin rubuta sunaye, aro ya zama na mako guda. Ran Alhamis bayan La'asar a taru, kowa ya tashi ya faɗi abin da ya karanta, ƴan uwansa su yi masa tambaya. Manya su koya wa ƙanne haɗa baƙi. A kuma aiki kowane matashi wurin kakansa ya rubuto tarihin unguwa ko na zuriya, da boko ko da ajami, a ajiye a akwatin.

Kada a manta da ƴan mata. Hutun yarinya yakan ƙare tsakanin turmi da tulu da talla, ɗan uwanta yana inuwa. A ware musu rana da malama mai kula da su, iyaye mata kuma su sauke musu aikin sa'a ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau a 1754, ya zargi malaman da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, ƴarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata har ta rasu a 1864.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi. Watan Oktoba zai zo, yara su koma aji, kowane uba ya ga abin da kwana 90 suka bari a ɗansa. Mu fara tun wannan Juma'a: kowa ya duba ɗakinsa, ya fito da littafi ɗaya.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu damina mai albarka.