KADA KA BAR JIRGIN

Karatu: Ayyukan Manzanni 27:20-44

A ƙarshen Kudancin Amurka akwai wani gari a ƙasar Ajantina mai suna Ushuwaya. Daga nan ne jiragen ruwa suke ɗaukar masu yawon buɗe ido zuwa Antatika, nahiyar ƙanƙara, tsakanin watan Nuwamba da Maris. Amma kafin su ga waɗannan duwatsun ƙanƙara da suka biya kuɗi mai yawa domin gani, sai jirgin ya ratsa Mashigin Direk, ruwa mai faɗin kusan kilomita 800, tafiyar kwana 2. A nan tekun Atlantika da na Fasifik suke haɗuwa. Babu wata ƙasa da take tare iskar yamma a wannan yankin, don haka raƙuman ruwa suna tasowa daga nesa suna ƙara girma. In hadari ya taso, jirgin yakan karkata hagu da dama, kwanuka su zame daga tebur, ƙarfafan mutane su kwanta da jiri da amai.

Ƙaunatacce, ka lura da abu ɗaya: jirgin da yake jijjiga a Mashigin Direk bai ɓata hanya ba. Hanyar ke nan. Iblis yakan raɗa maka cewa tun da aurenka yana girgiza, kasuwarka ta tsaya, ko rashin lafiya ya shigo gidanka, to Allah ya rabu da kai. Ƙarya ne! Manzo Bulus yana tsakiyar nufin Allah, a kan hanyarsa ta zuwa Roma, sa'ad da guguwa ta kama jirginsu har kwana 14. Sun yi kwanaki ba su ga rana ko taurari ba, suka fid da rai. Duk da haka mala'ikan Allah ya tsaya kusa da Bulus da dare, ya tabbatar masa cewa zai tsaya a gaban Kaisar, kuma babu ran da zai salwanta.

Ga inda jaraba take. Da matuƙan suka ji ƙasa ta yi kusa, sai suka saukar da ƙaramin kwalekwale a ɓoye domin su gudu. Bulus ya gargaɗi jarumin da sojoji cewa in waɗannan mutane suka fita daga jirgin, babu wanda zai tsira. Sojoji suka yanke igiyoyin, kwalekwalen ya tafi. Mene ne naka kwalekwalen? Wani nasa boka ne, wani cin hanci, wata kuma ta daina zuwa sujada domin kunyar halin da take ciki. Yanke igiyar yau, kafin dare ya yi nisa.

Ma'aikatan jiragen Antatika suna ba fasinjoji umarni masu sauƙi, kuma suna da darasi a gare mu. Na farko, kullum hannu ɗaya ya riƙe ƙarfen jirgin. Kai ma riƙe alkawarin da Ubangiji ya ba ka, ka furta shi da bakinka safe da yamma. Na biyu, mai jin jiri ya kafa idonsa can nesa inda sama ta haɗu da ruwa, domin wurin ba ya motsi. Kai ma ɗauke idonka daga raƙuman, ka zuba wa Yesu ido (Ibraniyawa 12:2). Na uku, ka ci wani abu ko kaɗan ne, kada cikinka ya zauna wayam. Bulus ma ya ɗauki gurasa, ya yi godiya ga Allah a gaban kowa, ya ci, sauran suka sami ƙarfin zuciya. Kada damuwa ta hana ka cin Maganar Allah.

Jirgin Bulus ya farfashe, kaya sun tafi, amma mutum 276 duka suka taka tsibirin Malita da rai, waɗansu da iyo, waɗansu a kan katako. Mai yiwuwa ka yi asarar wani abu a wannan ƙetarewar. Amma kai za ka kai gaci, kuma saboda kai Allah zai kiyaye waɗanda suke tare da kai. Haleluya!

Furci: Ba zan nutse ba. Ubangiji Yesu ne matuƙin jirgina, ni da gidana za mu haye lafiya.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin kana tare da ni a tsakiyar hadari. Ta wurin ikon Ruhu Mai Tsarki, na yanke kowace igiya da take ɗaure ni da hanyar da ba taka ba. Ka ba ni alherin jimrewa har in ga cikar alkawarinka, a cikin sunan Yesu. Amin.

Ƙarin karatu: Markus 4:35-41, Ishaya 43:1-3