Amana da idon na'ura a ɗakin ajiyar kaya

Tambarin rediyo, wanda aka fi sani da RFID, bai fi takardar da ake manna wa kwali kauri ba. Idan aka ɗaga shi a haske za a ga siririyar eriya ta yi kwana-kwana a cikinsa, a tsakiya kuma wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar gero ba. A cikin ƙwayar nan lamba take, wadda babu wani kwali a duniya da ke ɗauke da irinta. Yawancin tamburan ba su da batir. Na'urar karantawa ce ke aiko musu da igiyar rediyo, su sami ɗan ƙarfi daga gare ta, su mayar da amsa. Shi ya sa a manyan sito-sito ake kafa na'urar a bakin ƙofar da motoci ke lodi, duk kayan da aka tura ta wurin a karanta ɗaruruwan lambobinsu cikin daƙiƙa ɗaya, ba a buɗe kwali ba, ba a juya shi ba. Akwai kuma tambura masu batir da ake jin amsarsu daga nisan mita 100 ko fiye, da wasu hanyoyi irin su Bluetooth waɗanda ke nuna inda abu yake a cikin gini, har layin da aka ajiye shi.

Asalin dabarar daga yaƙi ne. A Yaƙin Duniya na Biyu Ingila ta sanya wa jiragenta na'urar da ke amsa kiran rada, don a bambance na gida da na abokan gaba. A 1948 Harry Stockman ya rubuta bayanin yadda za a yi sadarwa da igiyar da ta bugi abu ta dawo, a 1973 kuma Mario Cardullo ya sami takardar mallakar ƙirƙira a Amurka ta tambari mai ajiye bayani. Amma lambar nan mai zane-zanen baƙi da fari ce ta riga shiga kasuwa, tun da aka fara karanta ta a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio a watan Yuni na 1974. Tambarin rediyo kuwa bai bazu a kasuwa ba sai da ya yi araha. Cibiyar Auto-ID da aka kafa a jami'ar MIT a 1999 ta yi aikin daidaita lambobinsa, sannan a 2003 kamfanin Walmart ya umarci manyan masu kawo masa kaya guda 100 su riƙa manna shi a kwalaye daga Janairun 2005.

Amfaninsa a fili yake. Ƙirgen da kan ɗauki kwanaki ana rufe sito yanzu sa'o'i ne, kaya ba su ɓacewa a lungu har wa'adinsu ya wuce, kuma mai dukiya yana iya sanin abin da ya rage masa yana zaune a wata ƙasa. Tambayar da ta rage ta addini ce da falsafa. Tun da aka fara ajiya, aikin mai tsaron kaya a kan amana ya ginu, wato a ba mutum abin da ba nasa ba, a juya baya, a dawo a tarar. To idan aka wayi gari ba a juya baya, ido yana kan kaya dare da rana, ina amanar ta tsaya?

Masu ganin cewa na'ura ta kashe amana suna da hujja mai nauyi. A wurinsu ba a gane amintacce sai inda cin amana zai yiwu. Wanda bai ɗauki kwali ba saboda ƙofa za ta yi ƙara, tsoron ƙofa ya hana shi, kuma babu wanda zai san abin da zai yi ranar da wuta ta ɗauke. Addinin Musulunci ya ɗora kyawun aiki a kan muraƙaba, wato bawa ya riƙa jin cewa Allah yana ganinsa ko da babu kowa a wurin, kuma hadisin Mala'ika Jibrilu da wannan ya fassara ihsani. Abin tsoron shi ne mutum ya saba da idon na'ura har ya ɗauka shi ne ido, duk inda babu shi kuma sai ya saki jiki. Falsafar Turai ma ta san wannan damuwa. A 1791 Jeremy Bentham ya wallafa tsarin wani kurkuku mai da'ira, mai gadi a tsakiya yana ganin kowa ba a ganinsa, don ɗan kurkuku ya riƙa tsare kansa. A 1975 Michel Foucault ya ɗauki wannan tsari ya nuna yadda ya bazu zuwa masana'anta da makaranta da asibiti.

Sai dai shari'a ba ta taɓa ɗaukar rubutu da ƙirge a matsayin abokan gabar amana ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa umarnin, waɗanda suka yarda da juna. Lokacin da Annabi Yusuf, alaihissalam, ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, siffa biyu ya ambata wa kansa, tsarewa da sani. Da yawa daga masu tafsiri sun fassara ta farko da amana, ta biyu da sanin lissafi da yadda ake tafiyar da abin da aka ba shi. Har dabarar ajiya ya bayar, cewa a bar hatsi a cikin zangarniyarsa, kamar yadda manomi kan zuba damman gero a rumbu ba tare da sussuka ba. Shekara bakwai ana tarawa, shekara bakwai ana rabawa, wannan ba aikin da kyakkyawar zuciya kaɗai za ta iya ba ne, sai da ƙirge. Haka kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi bayan ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma ƙi yarda da abin da ya ware da sunan kyautar da aka ba shi. Sahabi ne, an amince masa aka aike shi, an kuma bincika da ya dawo.

Fiƙihun Malikiyya ya fi shiga cikin lamarin, kuma a nan ne za a ga inda na'ura ta taɓa hukunci. Wanda aka ba wa ajiya amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta bayyana cewa idan ya ce kayan sun salwanta ana gaskata shi, idan ya ce ya mayar ma ana gaskata shi, sai fa in da shaidu ya karɓa. Amma littafin ya ɗora wa masu sana'a, irin su tela da marini, biyan abin da suka tafi da shi ba a gaban mai shi ba. Malamai sun gina wannan a kan maslaha, domin da an bar su da bakinsu kawai da dukiyar mutane ta salwanta. A mashhurin zancen mazhaba kuma, idan hujja ta tabbatar da cewa kayan sun lalace ba da laifinsa ba, biyan ya faɗi. Duk waɗannan hukunce-hukunce amsa ce ga matsala ɗaya, wato rashin gani. Inda babu mai gani, dole a zaɓi wanda za a gaskata, kuma kowane zaɓi yana iya cutar da wani.

Ta wannan fuska tambarin rediyo taimako ne, kuma wanda ya fi cin moriyarsa shi ne ma'aikaci mai gaskiya. A siton da babu ƙirge mai kyau, idan kwali goma suka yi ɓatan dabo, zargi a kan kowa yake sauka, kuma ya fi nauyi a kan wanda ba shi da mai tsaya masa, ɗan dako ko sabon yaro. A yanke albashi, a kori wanda bai ji ba bai gani ba, ɓarawon kuma yana nan. Idan akwai rubutun da ya nuna cewa kwalayen ba su taɓa shigowa ta ƙofa ba, tun daga masana'anta aka yi ƙwange, an wanke mutum daga abin da rantsuwa ba lallai ta wanke shi a idon maigidansa ba. Shi ma mai raunin zuciya an rage masa jarrabawa, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku ƙa'ida ce sananniya a mazhabar Imam Malik.

Akwai kuma abin da masu cewa amana ta mutu suke tsallakewa. Na'ura tambari take gani, ba ta ganin kaya. Idan aka ɓare shi aka manna a kwalin da babu komai, za ta ci gaba da shaidar cewa kaya suna nan. Ƙarfe yana karkatar da igiyar rediyo, ruwa yana shanye ta, shi ya sa kwalin da ke tsakiyar lodin gwangwani ko kwalabe yakan ƙi amsawa. Mutum ne ya manna tambarin tun farko, mutum ne ya shigar da cewa wannan lamba ta magani ce ko ta takalmi, mutum ne kuma ke da izinin gyara adadi a kwamfuta idan ƙirge bai yi daidai ba. Amanar tana nan, mazauni ta canja. Ta tashi daga hannun mai riƙe da makulli ta koma hannun mai riƙe da kalmar sirri, kuma ɓarnar na biyu ta fi girma, domin yana iya share kwali dubu yana zaune, lissafin kwamfutar kuma ya goya masa baya. Hatsarin ya ƙaru ne saboda mutane sun fi saurin gaskata allon kwamfuta a kan bakin mutum. Alƙali ko shugaban sito da ya ɗauki rahoton na'ura a matsayin shaidar da ba ta kuskure ya manta cewa alama ce mai ƙarfi, wadda ake aunawa tare da sauran alamu.

Wuri mafi wuya shi ne inda ido ya tashi daga kan kaya ya koma kan mutum. Na'urar hannu da ma'aikaci ke karanta lambobi da ita tana rubuta lokacin kowane karatu, don haka duk bayanin da ta bayar game da kwali bayani ne game da wanda ya ɗauke shi. A 2018 kamfanin Amazon ya sami takardar mallakar ƙirƙira ta wani abin ɗaurawa a wuyan hannu da zai iya bin motsin hannun ma'aikaci. A Disamban 2023 kuma hukumar kare bayanan jama'a ta Faransa, CNIL, ta ci reshen kamfanin mai kula da sito-sito tarar yuro miliyan 32. Daga cikin abin da ta kama shi da shi akwai ma'aunin da ke nuna duk wanda ya karanta kaya biyu a ƙasa da daƙiƙa 1.25, da wanda ke nuna tsayawar na'ura na minti 10 ko fiye, da wani na tsayawar da ba ta kai haka ba, sai kuma riƙe bayanan har kwana 31. Kamfanin bai yarda da hukuncin ba, ya ce ma'aunan don inganci da lafiyar aiki ne.

A nan shari'a tana da magana ta daban. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana mummunan zato da bin diddigin mutane, kuma malaman hisba sun iyakance aikin muhtasibi ga abin da ya bayyana, ba su ba shi izinin leƙen abin da aka rufe ba. Mai dukiya yana da haƙƙin sanin inda kayansa suke, yana da haƙƙin aikin da ya biya. Amma ijara ciniki ce a kan aiki, ba a sayar da mutum a cikinta. Malamai sun fitar da lokacin salla da na biyan buƙata daga lokacin da aka yi ijarar ma'aikaci, ko da ba a ambata a yarjejeniya ba, kuma hadisi ya hana a ɗora wa mai hidima abin da ya fi ƙarfinsa. Minti goman da allo ya rubuta a matsayin zaman banza yana iya zama alwala da Azahar, ko taya abokin aiki ɗaga kwalin da ya faɗi, ko tsayawa a miƙe baya. Allon ba ya bambance su. Tsarin da ke sa baligi ya riƙa kare kansa a kan kowane minti ya fara ne da zaton cewa shi mai ha'inci ne, kuma wannan zubar da mutunci ne ko da albashi ya cika.

Saboda haka mai sito ma ajiya aka ba shi. Bayanan da na'ura ke tarawa game da saurin ma'aikaci da gajiyarsa da yawan fitarsa ba kaya ba ne da zai yi yadda ya so da su, kuma sharuɗɗan da ake gindaya wa mai ajiya sun hau kansa: ya sanar da abin da yake tarawa, kada ya wuce buƙata, kada ya yi amfani da shi a abin da ba don shi aka tara ba, ya ba wanda aka rubuta a kansa damar gani da musantawa. Dokokin zamani sun fara bin wannan hanya. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a Mayun 2018, ta hana tara bayani fiye da buƙata. Jihar Kalifoniya kuma ta kafa doka a 2021 da ta wajabta wa manyan sito-sito su rubuta wa ma'aikaci adadin aikin da ake nema daga gare shi, ta hana adadin da zai tauye masa hutu ko cin abinci ko zuwa bayi, ta kuma ba shi damar neman bayanan saurin aikinsa idan yana ganin an saɓa masa.