Mu San Inda Muke Ajiye Motocinmu a Kano

Jama'ar Kano, masu motocin gida da direbobin haya da 'yan adaidaita sahu, akwai wani ilimi ƙarami da muka raina, kuma rainin nan yana cin kuɗinmu da lokacinmu, wani lokaci har da rayukan 'yan uwanmu. Ilimin shi ne sanin inda doka ta yarda a tsaya da mota a gefen titi da inda ta hana. Tun da aka kafa hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA a 2012 ake ta tayar da jijiyar wuya tsakanin direbobi da jami'anta, kuma da yawa daga cikin rigingimun nan kan fakin ne. Direba ya dawo daga kasuwa ya tarar janwe ta ɗauke motarsa, ya shiga rantsuwa bai san an hana ba. Sau da yawa gaskiya yake faɗa. Amma rashin sani ba ya kankare tara, kuma wanda ya karɓi lasin tuƙi ya ɗauki alkawarin sanin dokar hanya tun ranar da ya karɓa.

Dokar ba ta da wuyar ganewa. Allo mai harafin P da aka ratsa da jan layi yana hana ajiye mota. Zagayayyen allo shuɗi mai jan baki, idan layi ɗaya ne ya ratsa shi, ya hana ka ajiye mota ko ka zauna jira. Idan layi biyu ne suka gitta juna, ko tsayawa ta sauke fasinja ba a yarda ba. Sannan akwai wuraren da ko babu allo haramcin yana nan: bakin mahaɗar titi, cikin kwana, kan gada da ƙarƙashin gadar sama inda hanya ta tsuke, kewayen shataletale, kan zanen da masu ƙafa ke tsallakawa, ƙofar asibiti da ta ofishin 'yan kwana-kwana, da kuma jerawa a gefen motar da ta riga ta yi fakin. Kowane ɗaya yana da dalili. Motar da aka ajiye a bakin mahaɗa tana tare wa mai fitowa ganin abin da ke tahowa, yaron da zai tsallaka kuwa sai ya leƙo daga bayanta, lokacin da mai gudu ba zai iya taka birki ba.

Hujjar da masu tsayawa inda aka hana suka fi kawowa ita ce ai minti biyu ne kawai. Mu duba ta da idon basira. Titin da ke ɗaukar layi biyu, mota ɗaya ta tsaya a kan ɗaya, rabin hanyar ya tafi. Duk wanda ke baya sai ya matsa ya kutsa cikin layin da ya rage, kuma cunkoson da aka haifar ba ya warwarewa da tashin motar. Wanda ya bi titin Ibrahim Taiwo ta wajen Kantin Kwari, ko kewayen kasuwar Singa da ta Sabon Gari da rana tsaka, ya san cewa masu minti biyun ba mutum ɗaya ba ne: wannan na tashi wancan na tsayawa, har magariba. A cikin waɗanda aka tsare akwai mai naƙuda da ake nufin Asibitin Murtala da ita. Garin da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 bai kamata a tuna masa amfanin barin hanya a buɗe ga motar kashe gobara ba. Addininmu ma ya riga dokar gwamnati, domin Annabi (SAW) ya sanya kame cuta daga masu wucewa cikin haƙƙoƙin hanya, ya kuma lissafa gusar da abin cutarwa daga kanta cikin rassan imani.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Ana cewa babu wuraren fakin isassu, alluna sun goge ko ba a kafa su ba, wasu jami'ai kuma kuɗi suke nema ba gyara ba. Akwai gaskiya a nan. Wajibi ne hukuma ta kafa allo kafin ta kama mutum a wurin da haramcinsa ba bayyananne ba ne, kuma bai dace a bar mai gini ya tayar da bene mai shaguna ɗari ba tare da ya ware filin mota ba. Sai dai wannan ƙorafin dalili ne na ƙara sanin doka. Wanda bai san laifinsa ba shi ake tsoratawa ya zaro kuɗi daga aljihu a bakin titi. Wanda ya sani yana iya tambaya cikin ladabi wane laifi ya yi, ya nemi a rubuta masa takarda, ya biya ta hanyar da gwamnati ta tsara, ya riƙe rasit, idan kuma an zalunce shi ya kai ƙara ofis ko kotu. Duk naira da aka miƙa a ɓoye tana koya wa mai karɓa ya dawo gobe.

Nauyin bai tsaya kan direbobi ba. 'Yan kasuwar da suka baje tebur a kan hanyar masu ƙafa su ne ke tura mutane tsakiyar kwalta. Shugabannin kasuwanni suna da ikon tsara sauke kaya da asuba ko bayan isha, maimakon tirela ta gindaya da azahar. Ƙungiyoyin 'yan adaidaita sahu, waɗanda suka cika titunanmu tun bayan hana acaba a 2013, za su iya zama da hukuma a fitar da tashoshin ɗauka da saukewa, mu fasinjoji kuma mu daina cewa a sauke mu daidai ƙofar shago alhali tasha tana 'yan taku kaɗan a gaba.