Wanda Ya Je Dubai Ya Dawo, Me Zai Faɗa Mana?

 

Mako uku ke nan wata muhawara ta ƙi ƙarewa a barandar masallacinmu na nan Agege bayan sallar Isha’i. Wani Alhaji daga cikinmu, mai harkar hatsi, ya kwashi uwargida da yara huɗu ya kai su Dubai kwana bakwai a dogon hutun makaranta. Ba sarin kaya ya kai shi ba, ba kuma asibiti ba. Yawon buɗe ido kawai. Da izininsa muke wannan rubutu, bisa sharaɗin ba za mu kama suna ba, ko da yake rabin sahu ya riga ya san ko wane ne.

Masu suka sun ce almubazzaranci ne, a wannan tsadar rayuwa mutum ya zuba miliyoyi don yara su kalli gini. Wani dattijo ya kawo hadisin Jibrilu, inda aka ambaci gasar dogayen gine-gine tsakanin makiyayan da a da ba su da ko takalmi a cikin alamomin tashin ƙiyama, ya ce to ga shi nan, mu kuma har kuɗin jirgi muke biya mu je kallo. Limaminmu ya amsa masa da cewa Imam Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya yi bayanin cewa kasancewar abu alamar ƙiyama bai mayar da shi haramun ba. Game da kuɗi kuwa, Alhaji yana fitar da zakka, ba mu san wani da yake binsa bashi ba, kuma faranta wa iyali da halal ibada ce. A ganinmu wannan gefen maganar mai sauƙi ne, da a nan ta tsaya da ba mu ɓata takarda ba.

Yaran dai sun ga abin mamaki. Sun hau Burj Khalifa, ginin da ya fi kowane tsawo a duniya, mita 828, wanda aka buɗe a 2010. Sun shiga jirgin ƙasa mai tafiya ba direba. Sun taɓa ƙanƙara a cikin wani katafaren kanti, alhali a waje zafi ya haura digiri 40. An kai su sahara da yamma a mota, sun hau raƙumi, abin da ya ba Alhaji dariya, don a garinsu raƙuma ke kawo gero kasuwa, ba wanda ya taɓa biyan kuɗi don ya hau. Babbar ’yarsa ta tambaya ina suke samun ruwa tunda ba kogi, aka ce mata ruwan teku ake tacewa a cire gishiri. Wannan garin, kafin a samu mai a 1966, ƙaramar tashar jiragen ruwa ce ta masunta da ’yan kasuwa da masu nutso neman lu’ulu’u. Ƙasar kanta sai a 1971 aka kafa ta, wato Nijeriya ta girme ta da shekara 11. Duk wanda ya ga haka bai yi tunani ba, to bai buɗe idon da ya ce ya je buɗewa ba.

Ana gobe za su dawo sai suka shiga Deira, tsohuwar unguwar kasuwa inda mutanenmu ke sarin kaya, don sayen tsaraba. Nan wani yaro mai tura kurar kaya ya ji uwargida tana yi wa yara faɗa da Hausa, ya tsaya ya gaishe su. Ana cikin gaisawa sai ga shi Alhaji ya san kawun yaron, sun taɓa haɗa mota ɗaya ta masara daga Arewa. Yaron ya shiga ƙasar a 2022 da bizar ziyara, dab da a rufe wa ’yan Nijeriya biza, bayan an sayar da gonar gado an ba wani dillali da ya yi masa alkawarin aikin gadi. Da ya sauka, ba aiki, ba dillali. Bizar ta ƙare, kuma aiki da bizar ziyara laifi ne a dokarsu, tara kuma tana hawa kullum. Hayar gado yake yi, ba ɗaki ba, su takwas a wuri ɗaya. Alhaji ya ce masa, “To ɗana, ai an yi afuwa a ƙarshen 2024, aka ce duk mai irin matsalarka ya fito ya tafi gida ba tara. Me ya hana ka?” Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, da wane ido zan kalli mutan gida? Hoton da nake tura musu, a jikin motocin mutane nake ɗauka.” Sannan ya roƙe shi don girman Allah kada kawunsa ya ji.

Alhaji ya ba shi abin da ya sawwaƙa, ya dawo ya yi shiru. Hotunan tafiya kuwa, yara suka zuba su a WhatsApp, shi ma ya ɗora nasa, ga shi a saman gini, ga shi a kan raƙumi. Kwana biyar ba a yi ba samari biyu daga cikin masu dako a nan unguwar suka same shi, kowa daban, suna tambayar ko ya san dillalin biza mai amana. Ɗaya har ya fara cigiyar mai sayen babur ɗinsa. A nan ne hankalin Alhaji ya tashi, ya zo ya same mu da Liman.

To ga tambayar da ta dame mu. Alhaji bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ginin yana nan, ƙanƙarar tana nan, hoton na gaske ne. Amma wanda ya je ya dawo, a wurin wanda bai je ba, shaida ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji, shi ya sa maganar mai gani take da nauyi. Idan shaida ya faɗi rabin da ya yi masa daɗi ya haɗiye rabin, mai sauraro kuma ya ɗauki rabin nan ya sayar da babur a kansa, shin shaidan ya fita? Mu ’yan kasuwa ne, mun san hukuncin wanda ya shimfiɗa busasshen hatsi a saman buhu ya bar jiƙaƙƙe a ƙasa. Bai ce komai da baki ba, amma algus ne, kuma Annabi (SAW) ya yi hani mai tsanani a kan irin wannan. Mun kasa gano bambancin da ke tsakanin wancan buhun da labarin tafiya da aka zaɓe masa sama.

Sai dai akwai ɗaya gefen, kuma ba ƙarami ba ne. Yaron ya roƙi a rufa masa asiri, rufin asirin Musulmi kuwa umarni ne. Talauci ba zunubi ba ne, amma kowa ya san yadda ake jin kunyarsa. Liman ya raba abin gida biyu, kuma mun gamsu: asirin yaron nasa ne, ba wanda zai ji sunansa ko garinsu daga bakinmu. Halin da garin yake ciki kuwa ba asirin kowa ba ne, haƙƙin duk mai shirin tafiya ne ya sani. Abin da bai warware ba, kuma har yanzu muna jayayya a kai, shi ne kawun. Idan gobe ya ce zai sayar da wata gonar ya tura ƙanen yaron, Alhaji zai ci gaba da shiru? Wasunmu sun ce a nan alkawari ya faɗi, don tunkuɗe cuta ya gabaci kare kunya. Wasu sun ce a’a, a fara kiran yaron a ba shi dama ya faɗa da bakinsa. Mu mun fi karkata ga na biyun, amma ba mu ce na farkon sun yi kuskure ba.

Kada kuma mu ɗora wa Alhaji laifi shi kaɗai, don wallahi dukkanmu muna yi. Abin da Dubai take a idonmu, shi Legas take a idon yaran garuruwanmu. Idan Sallah ta zo mukan ɗinka shadda, mu sayi sabuwar waya, mu isa gida muna rabon kuɗi. Wa ya taɓa tsayawa a majalisa ya ce a cikin shago yake kwana, ko a barandar masallaci? Wa ya ba da labarin yadda aka hana acaba a manyan unguwannin Legas a 2022, aka riƙa kama babura ana murƙushe su, yara da yawa suka koma ba ko kuɗin mota? Muna yin shiru, sai mu ga tirela ta sauke mana sababbin samari a Mile 12, mu kama faɗa wai wa ya ce su zo. Shaddarmu ce ta ce su zo.

Za a ce, to ai arziki yana cikin tafiya. Haka ne. Kakanninmu fataucin goro da shanu ya kawo su nan, da sun ji tsoro da ba mu da wannan masallaci. A Dubai ma akwai mutanenmu da suka shiga ta ƙofa, da takardar aiki, suna rufa wa iyayensu asiri. Ba muna cewa a zauna ba. Amma falken da ya dawo a zamanin da yakan faɗa wa na baya inda rijiya take da inda ’yan fashi suke tarewa, don ya san ransu yana kan maganarsa. Hoto ba ya faɗin wannan.

Kuma mai yawon buɗe ido yana da wani uzuri da ya kamata a gane: an tsara masa hanya ne yadda zai ga abin da ya biya kuɗi ya gani. Daga otal mai sanyi zuwa mota mai sanyi zuwa kanti mai sanyi. Kusan tara cikin goma na mazauna ƙasar baƙi ne, daga Indiya da Pakistan da Bangladash da Filifin da ƙasashen Afirka. Su ke gini, su ke shara, su ke tuƙi, kuma masaukin leburori yana can bayan gari inda motar masu yawo ba ta bi. Zafin rani har sai da hukuma ta sa dokar hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3:00, tun tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba. Mafi yawansu, ko sun shekara talatin, ranar da aiki ya ƙare zama ya ƙare. Alhaji ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne kwana shida ya yi mutane irin waɗannan suna buɗe masa ƙofa suna ɗaukar masa jaka, bai tambayi ko ɗaya daga ina yake ba. Shi da ya shekara ashirin a nan ana kiransa “aboki”, ba a tambayi sunansa ba. Sai da ɗaya ya yi masa Hausa sannan ya ga mutum.

Kwamitin masallaci ya roƙi Alhaji ya zauna da samari ranar Lahadi bayan Isha’i, kuma ya yarda. Zai nuna hotunan, don yara suna so, zai kuma faɗi sauran. Muna roƙon duk wanda ya taɓa zama a can, ko a Saudiyya, ko Libiya, ya zo ya ƙara da nasa. Wanda ya fara cigiyar mai sayen babur ya ce zai jira sai ya ji.

Shi kuwa yaron Deira, Alhaji ya kira shi shekaran jiya, ya ce zai biya masa kuɗin jirgi, mu kuma mu ga abin da za a iya haɗawa na tara. Ya yi godiya sosai, har muryarsa na rawa. Ya ce a ba shi wata uku tukuna, yana so ya haɗa ko akwati ɗaya ne na tsaraba.