Ina Allah Yake Sa'ad da Muke Kuka?

Da wuya a sami fasto ko dattijon ikkilisiya da ba a taɓa yi wa wannan tambaya ba, galibi a gidan makoki, da murya ƙasa-ƙasa: in Allah nagari ne, kuma Mai Iko Dukka, don me ya bari haka ta faru? Iyayen 'yan mata 276 da aka kwashe daga makarantar sakandare ta Chibok a daren 14 ga Afrilu, 2014, sun yi ta. Da yawansu 'ya'yan ikkilisiyar EYN ne, masu addu'a da azumi, amma har yau akwai waɗanda 'ya'yansu ba su dawo ba.

Mukan yi gaggawar amsawa. Wani ya ce nufin Allah ne, wani ya ce gwaji ne, wani kuma (ko da bai furta ba) ya raya a ransa cewa lalle akwai zunubi a ɓoye. Wannan na ƙarshe Ubangiji Yesu da kansa ya rushe shi. A Luka sura 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya kuma ƙi yarda cewa sun fi sauran mazaunan Urushalima laifi. Kalmar "nufin Allah" ma tana bukatar hattara. Wanda ya ɗauki bindiga, da wanda ya sayar da jabun magani, da wanda ya cinye kuɗin gyaran hanya, da gangan suka yi, da 'yancin da Mahalicci ya ba su. Idan muka jingina aikinsu ga Allah, mun wanke mai laifi, mun shafa wa Mai Tsarki baƙi.

Na yarda wannan bai warware komai da komai ba. Jaririn da aka haifa da ciwon sikila bai zaɓi kome ba. A nan hankalina yakan tsaya, sai in dubi gicciye, inda Ɗan Allah ya sha azaba ba da laifinsa ba, har ya yi kukan wanda aka yashe. Allahn da muke bi ya san zafin nan a jikinsa.

Ku sake karanta littafin Ayuba a sujadar iyali. Elifaz da Bildad da Zofar sun zauna tare da shi a ƙasa kwana 7 ba su ce uffan ba, kuma a nan suka yi daidai. Da suka buɗe baki don su kāre Allah, sai suka ɓata. A sura 42 su ne Ubangiji ya yi fushi da su. Ayuba mai gunaguni kuwa, shi aka sa ya yi musu addu'a. Ya sāke haihuwar 'ya'ya 10, ya rayu shekara 140 bayan haka, amma ba a taɓa gaya masa dalilin mutuwar goman farko ba.